Ranar da Barista Kabiru Ya Manta da Tafinta

Yaran yanzu idan suka ji an ce tafinta, sai su yi murmushi su shafa wayar da ke aljihunsu. Wai ai ga ta nan, ka yi mata magana ta juya maka. Wani ɗalibi ma da ya ji ana biyana don in tsaya in maimaita abin da wani ya faɗa, cewa ya yi shi ma daga gobe ya shiga sana'ar, tunda ya yi Islamiyya kuma yana jin Turanci. Na ce masa bismillah, ƙofa a buɗe take. Amma ku da kuka zo da niyyar koyo, ku gyara zama, don ni ba na koyar da aikin nan a tsaye.

Sunana Habu. Mutanenmu na Dubai Malam Habu Tafinta suke ce min. Daga Kano na fito da Larabcin makaranta da Turancin kasuwa, na sauka a wani ɗaki da muke rabawa mu huɗu a Hor Al Anz, na fara da yi wa 'yan kasuwa ciniki a shagunan sari na Al Sabkha. Wannan ba shi ne tafinta ba, rakiya ce. Tafinta na gaskiya a hannun Ustaz Bashir na koye shi, wani dattijo ɗan Sudan da kakanninsa Hausawa ne da suka tafi Makka a ƙafa suka zauna a hanya. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, idan ya yi magana sai ka ji kamar kakarka ce ta dawo.

Aikin farko da na bi shi, wani Alhaji ne mai sarin shadda da suka yi rigima da ɗan kago, mai yi masa jigilar kaya, a kan kwantena, har ta kai su caji ofis. Kafin a fara, Ustaz ya ɗaga hannu ya faɗa da Larabci, ya sake faɗa da Hausa, cewa duk abin da ya fito daga bakin kowa a ɗakin nan zai juya shi, babba da ƙarami, wanda bai so a ji ya bar shi a cikinsa. Alhaji ya gyaɗa kai kamar ya ji. Can ana cikin bayani, sai ya karkato ya ce ƙasa-ƙasa, wannan ɗan sandan da ƙaton tumbi ai ba abin da yake ganewa. Ustaz ko ƙifta ido bai yi ba, ya zuba wa ɗan sandan ita da Larabci tas. Na ga gumi ya karyo wa Alhaji duk da sanyin na'ura. Allah Ya taimake shi ɗan sandan mai raha ne, ya shafa tumbin ya ce gaskiya ne, matarsa ma ta faɗa.

Da muka fito na ce, Ustaz, ai da ka rufa masa asiri. Ya tsaya ya dube ni sama da ƙasa.

"Yaro, ranar da ka haɗiye magana ɗaya don ka taimaki wani, ranar ka zama lauyansa, kuma ba a ba ka wannan aikin ba. Gobe idan ka faɗi gaskiya, da me za a gane ba haɗiyewar ka sake yi ba?"

Kayan aikinmu ba su da yawa, shi ya sa ake raina su. Kwalbar ruwan ɗumi da 'yar citta, don maƙogwaro shi ne jarinka. Kanumfari a aljihu. Ban da goro kafin aiki, yana busar da baki. Takalmi mai taushi, saboda za ka yi tsayuwar da soja ma sai ya ji a jikinsa. Guntuwar takarda da biro don sunaye da lambobi kawai, sauran a ka ake riƙewa. Kana tsayawa ne a ɗan bayan kafaɗar mai magana, inda zai ji ka amma ba zai riƙa kallon fuskarka yana neman ceto ba. Idan ya ce "ni", kai ma "ni" za ka ce. Na sha cewa ni na saci kaya, ni na saki matata, ni na daki direba, alhali ban san hawa ba ban san sauka ba. Kuma ba ka bayani sai an tambaye ka. Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi ci wa mutum rai, don sau da yawa kai kaɗai ne a ɗakin ka san abin da ake nufi, kuma bakinka a ɗaure yake.

Shekarar 2009 ita ce shekarar da ba na fatan ta maimaitu. Gine-gine suka tsaya cak da ƙarafa a sama, mutane suna ajiye mota a filin jirgi da makulli a ciki su gudu. Alhazan da nake bi suka ɗauke ƙafa. Ustaz Bashir ya tattara ya koma gida, ya ce ƙafafunsa sun gaji. Ni kuwa kullum sai in hau abra, kwalekwalen katakon da ke tsallakar da mutane, in je Bur Dubai in zaga kasuwar yadi ko zan ji wani yana Hausa yana neman mai Larabci, in dawo da yamma hannu rabbana. Na ji tsoro a shekarar nan, ba na ɓoyewa. Shayi da burodi suka zama abincin safe da na rana.

A nan Barista Kabiru ya shigo rayuwata. Lauya ne ɗan wani gari a arewacin Kano, ya yi karatu a Amurka, yana aiki da wani kamfanin lauyoyi. A Dubai baƙon lauya irinsa ba ya tsayawa gaban alƙali, shawara yake bayarwa da tsara yarjejeniya, amma Kabiru a kwat ɗinsa da tafiyarsa sai ka rantse shi ne alƙalin alƙalai. Burinsa siyasa ne a gida, kuma ya ga hanyar da mutanen mazaɓarsa za su san muryarsa ita ce rediyo. Yana da laccoci da ya rubuta da Turanci a kan rigingimun lauyoyi da 'yan siyasar Amurka na farkon kafa ƙasar, yana so in mayar da su Hausar da manomi zai ji a gona ya gane, shi kuma ya karanta. Wannan aikin ne ya riƙe ni har kasuwa ta farfaɗo.

Ni da nake zaton Turawan da can mutane ne masu sanyin hali, sai na tarar 'yan rigima ne na ƙin ƙarawa. Lauyoyin su ne 'yan siyasar, kuma kowane ɓangare da jaridarsa. Alƙali da lauyoyi sukan hau dawaki su bi gari-gari suna zaman shari'a, da rana su kara a kotu, da yamma su sauka masauki ɗaya, wani lokaci ma ɗaki ɗaya, sannan a samu mai zagin ɗan'uwansa a jarida da sunan aro. Akwai ɗan majalisar da ya tofa wa abokin aikinsa yawu a fuska, wancan ya zo ya rama da sanda, shi kuma ya rarumi ƙarfen gyara wuta, duk a cikin zauren majalisa. Akwai shugaban da ya sha kaye a zaɓe, kafin ya sauka ya yi ta naɗa alƙalai, sabuwar gwamnati ta zo ta danne takardun naɗin wasu, aka yi ta shari'a har kotun ƙoli. Da na zo nan na ajiye biro na yi dariya, na ce ashe ba mu muka fara ba.

Wanda Kabiru ya fi so shi ne labarin wasu manyan lauyoyi biyu na birni ɗaya. Sun taɓa tsayawa kafaɗa da kafaɗa suka kare mutum ɗaya da ake zargi da kisa, suka fitar da shi. Siyasa ta raba su. Bayan shekaru aka kai wa ɗayan labari cewa wancan ya aibata shi a wurin cin abinci. Al'adarsu a lokacin ita ce ba ka zuwa da kanka, aboki kake aikawa da saƙo: ka amsa ka faɗa ka ba da haƙuri, ko ka musa. Aka yi ta kai da kawowa, kowa ya ƙi sauka, har suka haɗu da safe a bakin kogi kowa da bindigarsa, ɗaya ya harbe ɗaya. Na sha wahalar wannan babin, don sai da na yi ta juya shi kafin in samo yadda Bahaushe zai yarda cewa masu ilmi ne suka yi haka, ba 'yan daba ba.

"Malam Habu, ka ga darasin?" in ji Kabiru. "Mutuncin ɗan siyasa shi ne jarinsa. Mutanen nan da suka gaji da harbin juna sai suka koma kotu, shi ya sa ƙasarsu ta miƙe. Wanda ya taɓa maka suna, ka kai shi gaban shari'a, khalas."

Na ce, "Barista, ni abin da na gani, bayin Allahn nan ba su da abokan wasa ne."

Muna cikin haka aka banko ƙofa ba sallama, wani dogon mutum da kaftani ya shigo yana cewa ina bawan nan nawa, ya kawo min ruwa. Kabiru ya ce ga almajirin gidanmu nan ya zo cin arziki. Barista Nafi'u ke nan, shi ma lauya ne a wani kamfanin, kuma taubashin Kabiru ne: mahaifin Kabiru da mahaifiyar Nafi'u ciki ɗaya suka fito. Kun san yadda taubasai suke, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, a yi ta tone-tone, ba fushi ba ramuwar gayya. A ɗakin kakarsu suka tashi tare. Shekarun da na yi ina ganinsu, ban taɓa jin ɗayansu ya kira ɗaya da sunansa tsurarsa ba, sai da laƙabin tsiya a gaba ko a baya.

A ƙarshen 2014 aka kira ni ofishin masu gabatar da ƙara, aka ce akwai saƙon murya da Hausa da ake so a juya. Wannan ba sabon abu ba ne, Hausa ba ta cikin harsunan da suke da ma'aikata a kai, sai su nemo irinmu su rantsar. Na ɗora hannu na yi rantsuwa, aka kunna. Muryar Nafi'u ce.

Ashe su biyun kujera ɗaya suka fito nema, ta majalisar wakilai a mazaɓarsu, a jam'iyya ɗaya, kuma zaɓen fidda gwani ya ƙarato. A guruf ɗin waya na 'yan garinsu, inda akwai daliget da dama, Nafi'u ya saki murya yana dariya: "Ku gaya wa bawan nan nawa Kabiru, ɓarawon ƙwan kakarmu, wanda aka ba shi kiwon akuya ɗaya ta ɓata, shi ne zai riƙe mazaɓa?" A gida da an yi dariya an wuce wurin. A Dubai zagi ta waya laifi ne babba, ana iya tara, ana iya ɗauri, ana iya korar baƙo daga ƙasar. Kabiru ya san wannan sarai. Ya shigar da ƙara, aka kira Nafi'u, aka ba da belinsa aka riƙe fasfonsa har a gama bincike. Wanda ba shi da fasfo ba ya hawa jirgi, wanda bai je ya zauna da daliget ba kuwa ya san ba shi a lissafi.

Na juya saƙon yadda yake. Bawa na ce bawa, ɓarawo na ce ɓarawo. Na faɗi cewa akwai dariya a muryar, don ita ma a cikin saƙon take. Na tsaya ina jira a tambaye ni ko akwai wani abu a al'adarmu game da wannan, ba a tambaya ba. Nafi'u ya riga ya gaya wa 'yan sanda wasa ne, to amma duk wanda aka kama da zagi haka yake cewa, sun ji wannan har sun gaji. Na sa hannu na fito. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban yi da-na-sani ba, don abin da aka faɗa na faɗa.

Dattawanmu na Dubai suka shiga tsakani. Kabiru ya ce shi ba zai zauna da kowa ba, sai dai a aiko masa wakili, irin ta mutanen laccocinsa. Sharaɗinsa ɗaya: Nafi'u ya fito a guruf ɗin nan ya amsa cewa ya ɓata masa suna, ya ba shi haƙuri a gaban kowa. Ya ce zumunci daban, wannan kuwa a gaban masu zaɓe aka kira shi ɓarawo. Da aka kai wa Nafi'u, sai ya ce a'a.

"In ba taubashina haƙuri a kan wasa? To daga ranar na zama bare ke nan a wurinsa. Gara su riƙe fasfon har ya ruɓe."

Wasu suka ce taurin kai ne. Ni na gane abin da yake nufi, haƙurin nan idan ya bayar, ya yanke abin da kakarsu ta ƙulla ke nan da hannunsa. Mutanensa suka zo har Hor Al Anz suna roƙona wai idan an sake kirana in ɗan sassauta, in saka bayani ko ba a tambaya ba. Na ba su shayi, na raka su bakin titi, na ce ni a ƙarƙashin rantsuwa nake, kada wanda ya sake zuwa. Shi ma Kabiru ya kira ni a waya, ban ɗauka ba, duk da na san abin da ya yi min a shekarar wahala. Wannan ma yana cikin sana'ar, wanda ya ciyar da kai jiya yana iya zama ɗaya daga cikin biyun da ke gabanka yau.

Aka sa ranar da za a haɗa su gaba da gaba, saura kwanaki kaɗan zaɓen. Kabiru har ya yanki tikitin washegari. Mai gabatar da ƙarar matashi ne ɗan ƙasa, da farar kandura, doguwar rigar nan tasu, mai magana a hankali, ga magatakarda a gefensa yana bugawa. Kabiru ya riga shiga, ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Na sha ruwan cittana, na ɗaga hannu na faɗi gargaɗin Ustaz da Larabci da Hausa kamar yadda nake yi a kowane aiki. Kabiru ya ce ya ji, ai ya san ni.

Sai aka shigo da Nafi'u. Tun da rigimar ta fara ba su haɗu ba. Mutumin ya zabge, kaftanin yana lilo a jikinsa, gemu ba gyara, hula a karkace, ga wasu silifa na roba a ƙafarsa kamar wanda zai shiga banɗaki. Kabiru ya ɗago ya dube shi tun daga hula har silifa. Na ga bakinsa ya motsa kafin kansa ya yi aiki, abin da ya saba tun suna yawo ba wando.

"Kai bawana, haka ka lalace? Ko ka koma satar kaji ne?"

Ƙasa-ƙasa ya faɗa, amma ya fito daga baki, kuma a cikin ɗakin. Na juya wurin mai gabatar da ƙara na ce da Larabci, da muryar da nake faɗin komai: kai bawana, haka ka lalace, ko ka koma satar kaji ne.

Magatakarda ya buga. Kabiru ya sauke ƙafarsa. Mai gabatar da ƙara ya ajiye biro ya ce, wa ya faɗi wannan? Na ce mai ƙara. Ya ce, ga wa? Na ce ga wanda ake ƙara.

"Malam Habu, wannan ai ba ya cikin bayani," in ji Kabiru. Ita ma na juya ta.

Matashin ya dubi takardar da ke gabansa, ya dubi Kabiru, ya ce, shwaiya shwaiya, a hankali, bari in gane. Kai ka kawo ƙara an ce maka bawa an ce maka ɓarawo, yanzu kuma a ofishina, a gabana, ka ce masa bawa ka jingina masa sata? Kabiru ya fara Turanci, matashin ya ɗaga masa hannu. Ya juyo gare ni, ya kira ni da sunan tafinta a Larabci.

"Ya mutarjim, wannan wace irin magana ce a wurinku?"

An tambaye ni. Na gyara tsayuwa na yi bayani, ban ƙara gishiri ba. Na ce a wurinmu ɗan mace da ɗan namiji, wato 'ya'yan wa da ƙanwa, akwai wasa na gado a tsakaninsu. Kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, yana jingina masa satar ƙwai da ragwanci, a gaban yara da manya, a biki da wurin suna, har a zaman makoki don a rage wa mutane baƙin ciki. Na ce wanda ya ji haushi shi ake yi wa dariya, kuma idan ka ga sun daina, to zumuncin ne ya mutu. Ya tambaya ko duk wanda ke guruf ɗin ya san haka. Na ce ban san kowa a guruf ɗin ba, amma ban taɓa ganin Bahaushen da bai san taubashi ba. Ya tambayi Kabiru ko gaskiya ne mahaifinsa da mahaifiyar wannan 'yan'uwa ne. Kabiru ya ce gaskiya ne, kansa a ƙasa.

Matashin ya ɗauki bironsa. Sannan ya ce al'adarku taku ce, amma doka ba ta san wasa ba sai masu shi sun yarda wasa ne. Kalaman da aka faɗa yanzu an rubuta su. Ya dubi Nafi'u ya ce yana da haƙƙin ya shigar da tasa ƙarar a nan take, kuma idan ya yi, fasfon mai ƙara ma zai zauna a wurinsu har a gama. Na juya wannan da Hausa a tsanake, kalma bayan kalma, ina kallon bango.

Kabiru da tikitinsa a aljihu ya kasa ɗaga ido. Ni kaina ban san abin da Nafi'u zai ce ba, mutumin da aka hana shi barci da abinci, aka sa ya ga burinsa yana zamewa. Da ya rama, ba wanda zai ga laifinsa. Ya gyara hularsa, ya yi gyaran murya.

"Gaya masa ba zan shigar ba. Idan ya riƙe min bawa a nan, wa zai ɗaukar min jaka a filin jirgi?"

Na juya ta yadda take. Magatakarda ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Mai gabatar da ƙara ya rufe fuska da tafin hannu ya ce la haula, ku mutanen nan. Kabiru bai yi dariya ba. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce da Hausa, ba da Turancin Amurka ba, yana so ya janye ƙararsa. Na ce da Larabci, ina so in janye ƙarata. A duk "ni" ɗin da na ara a sana'ar nan, ba wanda na ji daɗin faɗa kamar wannan.

To amma janye ƙara daban, fitowar fasfo daban. Sai takardar janyewa ta bi ta hannun wannan ta bi ta hannun wancan, sai an rufe fayil, sai an cire sunan mutum daga jerin waɗanda aka hana fita. Ga ƙarshen mako ya tunkaro, idan aka rufe ofisoshi ba a gama ba, Nafi'u sai dai ya ji sakamakon zaɓe a waya. Washegari da safe da na iso don ci gaba da aiki, sai na tarar da Kabiru a bakin ƙofa ya riga ni. Jirginsa ya tashi ba shi. Daliget suna can suna jiransa, mutanensa suna ta kira yana kashewa. Shi ya riƙa bin takardar daga tebur zuwa tebur, yana roƙo, yana ce min gaya masa kaza, gaya masa don Allah, ni kuma ina gaya musu. Mutumin da ban taɓa ganin ya lanƙwasa wa kowa ba, ranar har da dafa ƙirji yana habibi, habibi. Na yi tsayuwar da takalmin nan mai taushi ma ya gaza, ruwan cittana ya ƙare tun kafin azahar.

Ana dab da tashi daga aiki a ranar ƙarshe ta mako aka kira sunan Nafi'u ta taga, aka turo masa koren fasfonsa. Ya karɓa da hannu biyu. Ya buɗe ya dubi hotonsa kamar bai yarda nasa ba ne, ya sa a aljihun gaba ya dafe da tafinsa. Akwai jirgi ɗaya da ya rage da zai kai su Kano kafin a fara jefa ƙuri'a, kuma Nafi'u ya zo da jakarsa tun safe don kada ya koma gida.

Muka fito bakin titi cikin rana. Nafi'u bai ce na gode ba, Kabiru bai ce yi haƙuri ba. Nafi'u ya ɗaga jakar ya miƙa gefe, ko kallonsa bai yi ba. Kabiru ya tsaya da kwat ɗinsa da lakatayi ɗaure a wuya, mutane na wucewa suna kallo. Sai ya karɓa, ya saɓa a kafaɗa, ya yi gaba yana ɗaga wa tasi hannu.

"Yalla, ja silifan nan naka," ya ce, "kada jirgi ya bar mu."